In Dawa Ya Bushe

Ƙarshen kaka ne, a shekarar nan da kuɗin mota ya tashi har mutanen ƙauyenmu suka koma zuwa kasuwar Zakirai a ƙafa kamar zamanin iyayenmu. Amfanin gona bai yi laifi ba, amma ba wanda ya yi wata murna, don kowa ya san taki ya cinye rabinsa tun kafin a shuka. A irin wannan shekara ce na tafi ƙasar Bauchi neman giwa, ni da ban taɓa wuce Wudil ba. Tun da na dawo, matan ajinmu na yaƙi da jahilci ba su bar ni na huta ba. A bakin rijiya a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, kowace da guntun labarin da ta tsinta a bakin wata. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, mai so ta karanta da kanta.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba. Maryama, 'yata ta uku, tana shekarar ƙarshe a kwaleji, tana karatun daji da namun cikinsa. Kafin a ba su shaidar gamawa, kowa sai ya rubuta doguwar takarda a kan abin da ya je ya gani da idonsa, ya haɗa da hotuna. Ita giwa aka ba ta. A da makarantar ce ke kwasar su a mota zuwa gandun namun daji, bana aka ce babu mai, kowa ya san yadda zai yi. Wanda bai kawo takarda ba zai maimaita shekara, mu kuwa ba mu da halin wata shekarar. Malam, mahaifinta, ya kwana uku yana juya maganar, sannan ya ce ya yarda da tafiya ɗaya tak, kuma ƙafata ƙafarta. Na sayar da tunkiyata.

Ba mu da wanda ya san hanya. Wani maƙwabcinmu mai kai albasa Bauchi ne ya samo mana lambar wani direba, Malam Dauda, wanda ke shiga da baƙi cikin gandun a motarsa. Na kira shi sau biyu. Mutum ne mai fara'a, sai dai Hausarsa irin ta can ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Sai ya ce mini, "Yarinyar zai zo da ke? Matata ya gaishe ki." Ya gaya mini abin da ake biya a ƙofa da na ma'aikacin da ke raka mutane, ya ce ɗakunan kwana na ciki ba na irinmu ba ne, amma yayarsa tana ƙauyen da ke bakin gandun, za ta sauke mu. Ina tambayarsa lokacin da ya fi kyau a zo sai layi ya yanke. Can da yamma saƙo ya shigo wayata. Na zauna a kan turmi na karanta shi a hankali, harafi bayan harafi, yadda aka koya mana: "Ku zo in dawa ya bushe."

Na yi murmushi na gyara masa a zuciyata, don dawa ai "ta" ce. Na kira Maryama a makaranta na ce mutumin ya ce mu zo in dawa ta bushe. Ta ce malamansu sun ce da bazara aka fi ganin dabbobi. Na ce malamansu a Kano suke, shi kuwa a bakin dajin yake kwana. Ta ce to. Ni ma abin ya yi mini daidai, don manomi ba shi da lokacin tafiya sai hatsi ya nuna. Da zangarniya ta bushe a kan kara, Malam ya fara yankan ta babbar gonar gida, na bar 'yar gayaunata a tsaye na ce sai na dawo. Na aika wa Malam Dauda cewa ga mu nan ranar Talata. Ya amsa da Allah ya kawo mu lafiya.

Guzurinmu ƙuli-ƙuli ne da garin rogo da soyayyar gyaɗa da ƙullin fura. Mun fita bayan asuba, muka bi ta Gezawa zuwa Kano, motar Bauchi ba ta cika ba sai da hantsi. An cusa mu huɗu a kujerar mutum uku. Wata mai sayar da tabarmi da ke gefena ta tambayi ko biki za mu ko gaisuwa. Na ce giwa za mu gani. Motar duka ta kwashe da dariya. Wani dattijo a gaba ya waiwayo ya ce, "Hajiya, in babban abu kike son gani, ki je ki tambayi kuɗin kwanon masara. Ba sai kin je Bauchi ba." Har muka rabu sunana a motar nan Hajiya mai giwa.

Na ɗauka iyakar jiha wani abu ne kamar ganuwa da ƙofa. Ashe allo ne a bakin hanya, da ganguna cike da yashi, da jami'ai a inuwa. A wajen fita Jigawa aka ce kowa ya nuna katinsa. Na kwance bakin zane da sauri, maimakon katin zaɓe sai na miƙa takardar shaidar ajinmu, wadda na naɗe tare da shi. Jami'in ya karanta ta har ƙasa, ya miƙo mini da hannu biyu ya ce, "Malama, a sauka lafiya." Kusa da Ningi taya ta fashe, muka yi awa biyu a gindin wata tsamiya, muka dama furarmu da nonon wasu Fulani. Daga nan ƙasa ta canza. Mu a wajenmu gona na manne da gona, ba ka tafiyar kiran salla ba ka ga gida ba. Can kuwa sai duwatsu da fili, ka yi ta tafiya ba kowa, har na riƙa tunanin ko ina masu ƙasar suka tafi.

A tashar Bauchi na ce wa mai tuya ta ba ni waina, ta ce ta ƙwai ko ta fulawa. Sai da na nuna da yatsa ta ce, "Au, masa." Tasu ta fi tamu fari da laushi, wannan kam sai a ba su. Daga nan muka hau wata motar ta hanyar Gwambe, muka ratse kudu, muka isa ƙauyen ana kiran magariba.

Yayar Malam Dauda sunanta Kande. Mace ce doguwa, ba ta da yawan magana, mijinta ya rasu, ita ke noma gonarsa da 'ya'yanta mata biyu. Ta share mana ɗakinta ta koma na yaran. Gaisuwarsu gajera ce, kafin in gama tambayar gida da gajiya da sanyi har ta ajiye mana gwate a akushi. Ban saba da shi ba, tsakin masara ne da ganye da ɗan tsami, amma na cinye.

Da safe Malam Dauda ya zo. Bayan gaisuwa ya ce ya ɗauka makaranta ce ta matsa mana, shi ya sa bai ce komai ba, amma gaskiya mun zo da wuri ƙwarai. Na ce ai shi ya ce mu zo yanzu. Na ciro waya na nuna masa. Ya karanta saƙon da bakinsa, sai na ji kalmar ta fito a gajarce, irin ta namun dawa, ba irin wadda ake ja ba ta tuwo. Daji yake nufi. Sai ciyawa ta bushe an ƙone ta, tafkuna sun ƙafe, dabbobi sun taru a bakin kogi ɗaya, wato nan da wata uku ko huɗu. Duk Hausar da mutumin nan ya yi mini, a wannan kaɗai "ya" ɗinsa ta zauna daidai, ita ce kuma na gyara.

Ya fara dariya, da ya dubi fuskar Maryama sai ya daina. Ita ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ba komai, Inna. Tunda mun zo, mu shiga."

Kwana biyu muka yi muna shiga. Daga ƙofa zuwa inda baƙi ke sauka tafiya ce mai nisa, sannan a ɗauki ma'aikaci mai bindiga a bi ƙananan hanyoyi. Ciyawar gamba ta fi motar tsayi dama da hagu, kamar kana tafiya a lungu. Ma'aikacin yakan ce a tsaya, ya nuna wani wuri ya ce ga ɓauna can, mu leƙa mu ga ciyawa na motsi. Mun ga bayan mazo, wani mai kama da barewa, sau ɗaya. Abin da na fi gani shi ne tsando, wani ƙuda mai cizo kamar allura, wanda ya bar kowa ya bi ni. Ashe shuɗin hijabina yake so. Washegari sai na ari farin mayafin Kande.

A masaukin baƙi kuwa dabbobin ne suka zo kallonmu. Mugun dawa, wato aladen daji, na yawo tsakanin ɗakuna kamar akuyar gida, yana durƙusawa a kan gwiwa yana cin ciyawa har bakin masallaci. Na zauna zan ci ƙuli-ƙuli, wani gwaggon biri ya zo ya fizge ledar daga hannuna, ya koma gefe ya zauna, ya kwance ƙullin da yatsunsa a natse. Na ɗauki dutse, ma'aikacin ya ce in ajiye, nan gidansu ne, mu ne baƙi. A wajenmu birin da ya yi haka da karnuka zai kwana. Akwai kuma wani ruwa da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, garau, da ɗumi kamar wanda aka sirka wa jariri. Mutanen kudu maza da mata suna wanka a ciki da 'yan guntayen kaya. Na juya musu baya na yi alwala daga can ƙasa. Ban taɓa alwala mai daɗinta ba.

Giwa dai babu. Ma'aikacin ya ce a wannan lokaci ruwa na ko'ina, abinci na ko'ina, ba abin da zai kawo su bakin hanya. Da yammacin rana ta biyu, a hanyar fita, Malam Dauda ya miƙo wayarsa ya ce ga hotunan da ya ɗauka bara, garke guda a bakin kogi, in Maryama na so ya tura mata. Zan faɗi gaskiya a nan, ni ce na ce ta karɓa. Na ce giwa ai giwa ce, ta bara da ta bana duk ɗaya. Ta daɗe tana kallon hotunan, sannan ta mayar masa. Ta ce ƙasar cikin hoton ƙonanniya ce, bishiyoyi ba ganye, malaminta kallo ɗaya zai yi ya san ba watan nan ba ne, daga nan kuma ba maimaita shekara ba ne, kora ce. Muka koma gidan Kande. Abin da ya rage a hannunmu na komawa gida ne kawai.

Washegari muna ɗaure kaya, koko na kan wuta, sai wata maƙwabciya ta leƙo ta ce wa Kande, "Manya sun shiga taki." A garin nan ba a kiran sunan giwa in hatsi na gona, sai a ce manya. Kande ta sauke tukunyar, ta ɗauki mayafi. Muka bi ta.

Gonar tana can ƙarshen gonaki, daga ita sai daji. Dawarsu ba ta kai tamu bushewa ba, saura kamar mako a yanka. Na ga ɓarnar shanu, na ga ta fari, ban taɓa ganin irin wannan ba. Kara a kwance kamar an bi da abin daɓe, wani an tuge shi da saiwarsa an yar. Sawu kamar faifai, na sa ƙafata a ciki ta nutse har idon sawu. Ga kashinsu tuli-tuli da sauran ɗumi, ƙwayar dawa a ciki ba ta ko narke ba. A gefe akwai wani gado da aka ɗaura a kan itace, da gwangwanaye a rataye. Maƙwabciyar nan ta matso kusa da ni ta ce a nan Kande da 'ya'yanta ke kwana tun da dawa ta fara nuna, suna kaɗa gwangwani suna hura wuta. Kwana ukun nan ne ba su zo ba, don ba a barin baƙi su kaɗai a gida.

Kande ta tsaya a tsakiyar gonar, hannu a ƙugu, ba ta yi kuka ba. Maryama na riƙe da waya a cikin hijabi ta kasa fito da ita. Kande ce ta lura. Ta ce, "Ɗauki mana, 'yata. Ba shi kika zo nema ba? Ga shi ya zo har gona ya same ki."

Maza suka taru ana ta gardamar yawan abin da ya tafi, wani ya ce duka, wani ya ce kashi ɗaya cikin uku. Maryama ta rasa wanda za ta rubuta. Ni ban iya giwa ba, amma na iya dawa. Na bi kunya-kunya ina ƙirgawa, na duba nauyin zangarniyar da ta tsira, na dawo na ce gonar da za ta ba da dami ashirin, goma sha biyu sun tafi. Kande ta ce bara ashirin da ɗaya ta ɗaure.

Maryama ta hau kan wani suri inda ake samun layi ta kira malaminta. Ya yi mata tambayoyi da yawa, na ji tana ta cewa e, a'a, da ɗumi. A ƙarshe ya ce ta auna sawun, ta ɗauki komai, ta canza kan takardar ya koma abin da giwa ke yi wa manoman bakin gandu, amma gona ɗaya ba ta isa ba, sai ta ji daga bakin gida ashirin. Wannan aikin kwana huɗu ne. Na kira Malam a gida ina shirin dogon bayani. Ya saurara ya ce, "Tafiya ɗaya na ce. Ban faɗi kwana nawa ba."

Haka muka ƙara kwana huɗu. Da safe mu shiga gonar Kande mu yanke abin da ya tsira tun bai gama bushewa ba, don an ce in manya suka ɗanɗana sai sun dawo. Da rana mu bi gidaje. Ranar farko Maryama ta shiga da takarda da biro a hannu, matan suka yi tsit, wata ta ce mijinta ba ya nan. Daga nan muka canza. Ni zan zauna in ja ƙwaryar gyaɗa in taya ɓara, in ce mu a ƙasar Kano tsuntsu ne ya dame mu, ku fa. Sai magana ta ɓalle. Maryama na bayana tana rubutu a kan cinya. A nan muka ji masu ƙona barkono da kashin shanu don hayaƙin ya kore su, da masu rataye amya a bakin gona don giwa na tsoron zuma, da waɗanda suka bar dawa gaba ɗaya suka koma riɗi. Wata tsohuwa ta ce ita ba ta jin haushinsu, sai dai mamaki, don sun fi mai gona sanin ranar da hatsinsa zai nuna.

Ranar da za mu taho na sami Kande ita kaɗai a madafa. Na ce na ji abin da ya hana ta kwana a gona. Ta ci gaba da iza wuta ta ce, "Mutanen garin nan da baki suke. Da ina can ma, gwangwani ne a hannuna, ba bindiga ba." Na kwance ɗan abin da zan iya ragewa daga kuɗin mota, ta mayar mini da hannuna ta ce in na sake ba za ta raka mu tasha ba. Ta raka mu, ta kuma ƙulla mana riɗi.

Masu tambayata girman giwa, ga amsa: ban gan ta ba. Na ga inda ta taka da abin da ta ci. Takardar Maryama kuwa ta shiga, makon jiya malamin ya sa mata hannu, ba za ta maimaita ba. Ita ta yi murna, ni ma na yi. Sai dai duk lokacin da aka ce mun yi sa'a nakan tuna a gonar wa aka yi sa'ar.

Ranar da muka iso gida, bayan la'asar, Malam ya tambaya ko mun ga abin da muka je gani. Maryama ta fara cewa lokaci ne bai yi daidai ba, direban bai yi bayani sosai ba. Na ce ta bari. Na gaya masa yadda na karanta saƙon da yadda na gyara shi, na miƙa masa wayar. Ya nisanta ta da idonsa, ya motsa leɓe, don shi boko bai zauna masa ba. Ya ce shi ma haka zai karanta. Sannan ya jawo allonsa ya rubuta mini kalmomin biyu da ajami, ɗaya da alif a tsakiya, ɗaya babu. Ya ce, "Kin gani? Namu yana nuna inda aka ja. Naku ne ke barin mutum da hasashe." Na ce zan kai wa malamar ajinmu ƙara.

Washegari da sassafe na ɗauki wuƙa na tafi gayaunata. Tsuntsaye sun yi nasu a kwanakin da na ƙara, amma kara na tsaye. Na yanka har rana ta take. Dami biyun farko na ɗaure su da jan tsumma don kada su shiga cikin na gida, na jingine su daban a gindin rumbu. Har yanzu suna nan; ranar kasuwar Zakirai zan tambayi masu motar da ke bi ta hanyar Gwambe ko za su kai wa Kande.